Daga Kano Zuwa Gidajen Bayi na Cape Coast da Elmina: Yadda Tafiyar Take

Tun da na dawo daga Gana ake tare ni da tambayoyi iri ɗaya: wace takarda ake nema, ta ina ake bi, ina ake kwana, kuma ko akwai abin da ya shafi Bahaushe a waɗancan tsofaffin gine-gine na bakin teku. Lokacin da nake shirin tafiya na rasa wanda zai zaunar da ni ya jero mini abin daki-daki. Wanda ya san hanya bai taɓa shiga gidajen ba, wanda ya karanta tarihinsu bai taɓa taka ƙasar ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda tawa ta kasance, mai niyya ya ɗauki abin da zai amfane shi.

Takardu biyu ne ginshiƙi. Ta farko fasfo mai tambarin ECOWAS, wanda da shi ɗan Najeriya zai shiga Gana ba biza, ya zauna har kwana 90. Ta biyu katin rigakafin cutar shawara, ɗan littafin nan rawaya, kuma shi ne mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Allurar ba ta zama karɓaɓɓiya sai ta kwana 10 a jikinka, saboda haka ba abin da za a bari sai jajiberin tafiya ba ne. Na je cibiyar da ake yi da sassafe, na tarar da layi, yawanci 'yan kasuwa da masu shirin Umara, aka rubuta suna, na biya, na jira har aka tara adadin da za a fasa kwalba ɗaya dominsu, sannan aka yi mana. Kafin azahar kati yana hannuna. A bakin ƙofa wani ya raɗa mini cewa da na ba shi wani abu da ya kawo mini katin har gida ba tare da an tsira mini allura ba. Kada ka saurari irinsu. Allurar sau ɗaya ake yinta ta ishe ka har abada, kuma sauron kurmi ba ya duba kati. Na yi hoton takardun biyu na ajiye a waya, na kuma buga kwafe na sa a wata jaka daban.

Hanyar mota na bi. Daga Kano zuwa Legas kowa ya san wahalarta, ba sai na faɗa ba. A Legas zaɓi biyu ne: ko ka shiga motar kamfani mai zuwa Akra kai tsaye, ko ka yi yanke, kana sauka a kowace iyaka kana tsallakawa da ƙafa kana shiga wata motar. Yanke ya fi araha, amma wanda bai taɓa bin hanyar ba ya shiga ta kamfani, domin yaron motar ne ke tattara fasfuna ya kai a buga hatimi. Iyaka uku ce: Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao, wadda ke manne da birnin Lome, tsakanin Togo da Gana. Kowacce akwai hatimin fita da na shiga. Tazarar ba wani abin a zo a gani ba ce, jiran ne ke cinye yini. A ɗaya daga cikinsu aka ware mu, mu da fasfonmu bai taɓa shan hatimi ba, aka ce akwai kuɗin sabon fasfo. Na ce a ba ni rasit. Mutumin ya dube ni ya tura fasfona gefe ya kira na bayana. Na tsaya a inuwa ban ce uffan ba, har yaron motarmu ya zo suka yi ƙus-ƙus, aka buga, muka wuce. Ba doka ba ce, amma ka san da zamanta, ka riƙe canji ƙanana a aljihu na daban, kada ka zaro damin kuɗi a gaban kowa. Ka kuma tuna da agogo: da ka shiga Togo sai ka mayar da shi baya da awa ɗaya, haka yake har Gana. Wani dattijo a motarmu ya yi ta mitar an jinkirta la'asar, ashe agogonsa ne ke kan lokacin Kano.

Kuɗi kala uku za ka taɓa, naira da sefa da sidi. Sefa kaɗan ta ishe ka, ta ruwa da abinci da banɗaki. Sidi kuwa na canja ɗan kaɗan a Aflao don kuɗin mota, sauran na bari sai Nima, wata unguwa a Akra, inda kawuna ya kai ni wurin mutanen da ya sani, farashin kuma ya fi na iyaka. A Nima ba ka jin baƙunta. Hausa ake yi a kasuwa da masallaci, da safe ga koko da ƙosai, ga masu wake da shinkafa da ake dafawa da karan dafi. Kawu ya tsufa a Akra, can ya haifi 'ya'yansa, amma da na ce masa Cape Coast na nufa sai ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan nan, ka baro Kano don ka kalli kurkuku? Baƙaƙen Amurka ne ke zuwa can su yi kuka." Na ce, "Kawu, ai kukan bai kamata a bar musu su kaɗai ba." Bai amsa ba, sai ya haɗa ni da ƙaramin ɗansa, wanda ya taɓa zuwa da makarantarsu, ya ce ya raka ni. Rakiyar ta yi mini rana, musamman da yake a Gana kusan komai da kuɗin waya ake biya, kuma shi yana da layin ƙasar.

Motocin yamma a tashar Kaneshie suke lodi. Mun isa bayan asuba, muka samu ƙaramar bas mai sanyi da ta kusa cika. Wannan sammakon shi ne sirrin tafiyar, domin cunkoson garin Kasoa idan ya kama ka zai iya haɗiye maka awa guda ko fiye. Tsakanin Akra da Cape Coast bai wuce kilomita 150 ba, tafiyar awa uku idan hanya ta yi kyau. Ana wuce mararrabar Winneba, da Mankessim, da Saltpond. Ka zauna ta hagu. Daidai Abandze za ka hango wani kango a kan tudu yana kallon teku, shi ne Fort Amsterdam, wanda Ingilishi suka gina a shekarun 1630, Turawan Holan suka ƙwace a 1665. Gaba kaɗan sai Anomabo, inda Fort William yake, wanda aka fara ginawa a 1753 lokacin da cinikin bayi ya kai ƙololuwa. A nan na fara gane cewa ba gida ɗaya ko biyu ba ne. Gaɓar tekun Gana a jere take da irinsu, tun daga Keta a gabas har Beyin a yamma, na Fotugal da Holan da Ingila da Denmak da Suwidin da Jamusawan Brandenburg, wani ma yana hango wani, kowa ya saita igwarsa ga maƙwabcinsa. A 1979 UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya. A Yamoransa mata suka yanyame motar da dokunun Fanti, wato tuwon masara mai tsami, a naɗe cikin busasshen ganyen ayaba, muka saya muka ajiye don rana.

Da muka sauka, ban nufi bakin teku ba sai da na nemi masauki. Mun hau tasi zuwa Kotokuraba, babbar kasuwar garin, inda zango yake. Can muka samu ɗaki mai sauƙin kuɗi, ga masallaci kusa, ga abincin da ba sai ka tambayi wa ya yanka ba. Otal-otal na bakin ruwa suna da kyan gani, amma farashinsu na masu dala ne. Daga Kotokuraba zuwa gidan ana iya takawa da ƙafa, gangare ne. Idan tasi za ka hau, ce masa "kasil" kawai.

Kafin ka kai ƙofa samari za su tare ka da fara'a, su tambayi sunanka da garinku. Idan ka faɗa, lokacin da ka fito za ka tarar an rubuta sunan a jikin ƙwaryar dodon koɗi ana miƙo maka, a ce kyauta ce, sannan a fito da takardar neman taimakon ƙungiyar ƙwallo. Ba su da faɗa, neman abinci suke, amma idan ba ka da niyyar saye ka gaisa ka wuce. Ɗakin tikiti yana daga ciki. Hukumar gidajen tarihi ta Gana ce ke kula da wurin, ana buɗewa wajen ƙarfe 9 na safe, a rufe kafin 5 na yamma. An manna farashi a bango kashi-kashi: ɗan ƙasa, baƙo, ɗalibi, yaro. Na baƙo ya ninka na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba, kuma baƙar fata ba ta mayar da kai ɗan ƙasa, katin shaida ake tambaya. Ɗan kawu ya nuna nasa ya biya kaɗan, ni na biya na baƙi, aka ba mu rasit. Ɗalibi ya zo da katin makarantarsa, akwai ragi. Mai babbar kyamara ko mai ɗaukar bidiyo na sana'a kuɗinsa daban. Kuɗin tikitin ya haɗa da ɗan jagora da gidan adana kayan tarihi da ke sama, sai dai ba a zagayawa da mutum ɗaya, sai an tara rukuni. Aka ce mu hau sama mu kalli kayan tarihi kafin a kira mu. Na ji haushin jiran da farko, amma ya yi amfani: akwai taswirar hanyoyin da aka bi da bayi daga cikin ƙasa, da mari da sarƙoƙi, da ƙarfen da ake gasawa a yi wa mutum lamba, da zanen yadda ake jera mutane a cikin jirgi.

Rukuninmu ya haɗa 'yan makarantar sakandare, da wasu Turawa, da wata iyali daga Amurka, uwa da 'ya'yanta mata manya. Ɗan jagoran ya fara da tarihin ginin a tsakar gida, cikin rana. Mutanen Suwidin ne suka fara kafa shi a 1653, ya yi ta sauya hannu har Ingilishi suka kama shi a 1664, ya zama hedkwatarsu a wannan gaɓa har 1877 da aka mayar da babban birni Akra. Da Turanci ake bayanin, Turancin Gana mai sauri, saboda haka wanda bai ji sosai ya tafi da mai fassara masa. Sannan ya ce mu bi shi a hankali, akwai santsi.

Hanyar kurkukun maza gangare ce mai duhu, kana shiga iska na canjawa. Ɗakuna biyar ne a jere, ya ce akan cusa maza har 1,000 a cikinsu, su yi makonni ko watanni suna jiran jirgi. Tagogin 'yan ƙananan ramuka ne can sama kusa da rufi. Ya ce mu dubi ƙasa. Na ɗauka daɓe ne na baƙar ƙasa. Ya haska wani gefe da aka kankare, sai ga jan bulo a ƙarƙashi, da wata 'yar kwata da ta ratsa tsakiyar ɗakin. Abin da muke takawa, in ji shi, ba daɓe ba ne, bayan gida ne da jini da amai da ragowar abinci na mutanen da suka zauna a nan, suka taru suka daskare shekara da shekaru. Na ji ƙafata ta yi nauyi, na rasa inda zan ajiye ta. Sai ya ce kowa ya kashe fitilar wayarsa, shi ma ya kashe ƙwan da ke rataye. Bai fi minti ɗaya ba. 'Yan makarantar da ke ta surutu suka yi tsit, ba ka jin komai sai ƙugin teku ta bayan bango da shesshekar ɗaya daga cikin matan nan. Ni dai Innalillahi kawai nake maimaitawa. Da ya kunna, ya nuna sama da yatsa ya ce daidai kanmu coci ne, a nan Turawan gidan ke ibada ranar Lahadi.

A ɗaki na ƙarshe akwai wurin tsafin mutanen garin, na Nana Tabir, a jikin bangon da ya toshe ramin da ake bi da bayi zuwa bakin ruwa. Akwai mai kula da shi a zaune, ana zuba giya a ƙasa, ga furanni da baƙi suka ajiye. Ba a tilasta wa kowa komai. Na ja baya na tsaya daga bakin ƙofa har aka gama, ba wanda ya kalle ni. Na faɗi wannan ne don na san akwai wanda zai ji labarin ya fasa zuwa, alhali ba dalili. Daga nan aka kai mu ɗakin da ake jefa wanda ya yi tawaye, ba taga ba ruwa ba abinci, har ya mutu. Da aka turo ƙofar, numfashi ya gagara nan take, kowa ya yi waje yana gumi. Sai kurkukun mata, sai ƙofar da ake kira ta tafiya ba dawowa. Da aka buɗe ta haske ya kashe mana ido, ga masunta suna gyaran koma, ga kwale-kwale masu tutoci kala-kala, yara na wasa a ruwa. Ta waje an rubuta mata sabon suna, ƙofar dawowa, domin a 1998 an shigo ta nan da ƙasusuwan mutum biyu daga zuriyar bayi, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika. Aka ƙare da hawa sama zuwa ɗakunan gwamna, masu manyan tagogi da iska ke kaɗawa ta kowane gefe. A tsakar gida akwai kaburbura, har da na gwamna George Maclean da na Philip Quaque, ɗan ƙasar da ya zama limamin cocin Ingila. Kusa da ƙofar kurkuku ga allon tunawa da zuwan Obama a 2009. Zagayen bai fi awa ɗaya ba. A ƙarshe ana ba ɗan jagora abin da ya sawwaƙa, ba dole ba ne, amma ya cancanta.

Na so mu wuce Elmina a ranar, tunda tsakaninsu bai kai kilomita 15 ba, kuma haka masu motocin yawon buɗe ido ke yi. Jikina ya ƙi. Muka koma zango, na yi sallah na kwanta, dokunun ma sai dare na iya ci. Bayan isha'i na zauna da wasu dattawa a ƙofar masallaci, hira ta kai mu ga asalin zangon. Ɗaya ya ce kakansa soja ne, wani ya ce nasa fatake ne masu goro da suka gangaro bayan yaƙin 1892 na Salaga, garin kasuwar goro a arewacin Gana. Duka biyun suna da tushe. A farkon shekarun 1870 Ingilishi sun kawo dakarun da suke kira Hausa daga Legas, waɗanda Kyaftin Glover ya fara tarawa, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu. Da su aka yaƙi daular Asante ta Kumasi a 1873 zuwa 1874, kuma da yawa ba su koma ba.

Washegari muka hau tasin haɗaka zuwa Elmina, hanya na bin bakin teku ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Tun daga nesa ake hango ginin fari fat. Kafin ka kai shi sai ka haye gadar da ke kan bakin tafkin Benya, inda kwale-kwale suka cushe har ba ka ganin ruwa, ƙarnin kifi kuwa sai ka toshe hanci. Mai son ganin wannan hada-hadar kada ya zo ranar Talata, ranar hutun masunta ce. Tikitin Cape Coast ba ya aiki a nan, sabo za ka yanka, tsarin farashin iri ɗaya, jiran rukuni ma haka. Wannan gidan ya girmi wancan da nisa. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482 ƙarƙashin Diogo de Azambuja, shekara goma kafin Kolumbus ya isa Amurka, kuma zinariya ce ta kawo su, ba bayi ba. Ɗakunan da aka yi don ajiyar kaya su ne daga baya aka mayar na ajiyar mutane. Holan ta ƙwace shi a 1637, ta riƙe har 1872 da ta miƙa wa Ingila.

Ana shiga ta kan wata gada da ke bisa rami mai zurfi da aka sassaƙa cikin dutse. A tsakiyar fili ga cocin Fotugal, wanda Turawan Holan suka mayar wurin ciniki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne farfajiyar mata. 'Yar ƙarama ce, kurkuku ya kewaye ta, daga sama akwai baranda. Ɗan jagoran ya ce a nan gwamna ke tsayawa a fito masa da mata ya zaɓa, a ɗebi ruwa a rijiyar da ke tsakar wurin a wanke wadda ya nuna, a hau da ita ta wani tsani na katako da ke ɓullewa ta ƙasan ɗakinsa. Wadda ta ƙi, a ɗaure ƙafarta da dunƙulen harsashin igwa a bar ta cikin rana. Dunƙulen yana nan a ƙasa. Na gwada ɗaga shi da hannu biyu, da ƙyar ya motsa. Har yau akwai wani wari a kurkukun matan da ba na gumin baƙi ba ne. Akwai kuma ɗakuna biyu a jere: ɗaya mai taga da iska, na sojan Bature da ya yi laifi, ɗaya kuma an zana ƙoƙon kai da ƙasusuwa a saman ƙofarsa. Ƙofar fita zuwa jirgi a nan siririya ce ƙwarai, sai mutum ɗaya, shi ma a karkace. A sama aka nuna mana ɗakin da Ingilishi suka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya bayan sun kama shi a Kumasi a 1896, kafin su kai shi Saliyo, daga can zuwa tsibirin Seychelles, bai dawo ba sai 1924.

A nan na yi tambayar da ke cina tun Kano: mutanen da aka tara a ɗakunan nan, daga ina? Ya ce daga ko'ina, amma da yawa daga arewa. Bayan Asante ta ci Gwanja da Dagomba a ƙarni na 18, da bayi ake biyan ta haraji, wasunsu kuma a gangaro da su bakin teku. Gwanjar nan dai ita ce ta fataken goro, wadda sunanta bai ɓace daga bakinmu ba. Ayarin da ke tashi daga Kano da Katsina zuwa Salaga ba tufafi da kanwa da fata kaɗai yake kaiwa ba, har da mutane. Su kuwa Hausawan da aka tsallaka da su teku, mafi yawansu ba ta nan aka fitar da su ba, ta Legas da Badagry da Wida ne, garuruwan da motarmu ta ratsa ina gyangyaɗi. An kai su Bahia ta ƙasar Brazil, inda suka shirya tawaye a 1807, kuma suna cikin Musulmin da suka yi babban boren 1835. Ke nan an sayar da mu, mun sayar, mun kuma riƙe wa Bature bindiga. A makaranta ba a jera mana su haka a wuri ɗaya ba, kuma a ganina wanda zai je ya je da sanin ukun, ya fi masa amfani a kan ya tsaya yana la'antar Turawa kawai, ko da yake sun ci la'antar.

Da muka fito muka hau tudun da ke fuskantar gidan, inda Fort St. Jago yake. Hawan gajere ne amma a tsaye yake, a yi shi kafin rana ta take. Daga kan wannan tudu ne Turawan Holan suka yi wa gidan ruwan igwa a 1637, shi ya sa da suka ci nasara suka gina kagara a kai a shekarun 1660, kada wani ya yi musu abin da suka yi. Ba kowa ke hawa ba, mu kaɗai muka tarar da mai gadi, amma daga nan ne za ka ga garin gaba ɗaya, da tafkin, da filayen gishiri. Filin da ke gaban babban gidan, wanda yanzu ba kowa, nan tsohon garin Elmina yake kafin Ingilishi su rushe shi da igwa a 1873.

Wurin da na ƙare da shi shi ne Assin Manso, kimanin kilomita 40 a kan hanyar Kumasi. Nan ne zangon ƙarshe na ayarin bayi daga arewa, inda ake tsayawa a yi musu wanka a rafi, a yi musu aski, a shafe su da mai don su yi kyan gani kafin a kai su kasuwa. Akwai ɗan kuɗin shiga da ɗan jagora. Ana sauka zuwa rafin ta wata siririyar hanya cikin gora, wasu na cire takalmi. Rafin ƙarami ne, ruwansa ja-ja, da ba a faɗa maka ba wucewa za ka yi. Mutum biyun nan da aka dawo da ƙasusuwansu a 1998 a nan aka binne su. Wanda zai tsara tasa tafiyar, ina ba shi shawara ya fara da nan, sannan Cape Coast, sannan Elmina, ya bi sawun yadda aka bi da mutanen. Mai zuwa ta Kumasi ma a kan hanyarsa yake. Gandun dajin Kakum mai gadar igiya a saman itatuwa yana kusa, masu yara suna son sa, amma a ware masa rana daban, ba ya haɗuwa da wannan.

Game da lokaci, ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta garin cike yake da baƙi saboda bikin ranar 'yanta bayi ta 1 ga Agusta, haka farkon Satumba lokacin bikin Fetu Afahye na mutanen Cape Coast, da Disamba. Masauki na tsada a lokutan, rukunin zagaye kuma na yin girma har ba ka jin ɗan jagora. Ranakun aiki da safe sun fi, kafin motocin makarantu su iso. A sa takalmi mai kama ƙasa, a riƙe ruwa da hankici, domin zafin cikin kurkukun mai ɗanshi ne. Mai asma ko hawan jini ya tsaya kusa da ƙofa, ya gaya wa ɗan jagora tun farko. Yara ƙanana ban ga amfanin shiga da su ɗakunan ƙasa ba, amma ɗan sakandare ya kamata ya gani. Kada a ɗauki hoton masunta ko masu kifi ba a tambaye su ba, suna jin haushi, kuma da gaskiyarsu. A kasafin kuɗi, abin da ya fi cin aljihu motar Legas zuwa Akra ce da masauki, tikitin shiga bai kai su ba ko an haɗa na wuraren duka. A dawowa motocin Akra suna raguwa bayan la'asar, kuma cunkoson Kasoa na yamma ya fi na safe muni, saboda haka muka kwana muka kama ta farko bayan asuba.